Wanda Ya Dawo Daga Kudu: Matan Sojoji da Maye a Ƙauyukanmu na Rufa'a

Kakanninmu ba neman kaki ya kawo su Sudan ba, gudunsa ne ya kawo su. Bayan da rundunar Ingila ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas, har suka sauka a Shehu Talha a bakin Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, a 1906. Daga nan ya haye kogi ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa, kudu da Sinnar. Wasu kuma maniyyata ne masu tafiyar ƙasa, guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, suka tsaya neman na gaba, shekara ta bi shekara har jikoki suka cika gida. Tsofaffi ba su manta ba cewa yawancin masu riƙe da bindiga a Burmi ba Turawa ba ne, 'yan ƙasa ne da aka sa wa kaki. Shi ya sa kakata ta wajen uwa har ta koma ga Allah tana kan magana ɗaya: ba a ba soja mace.

Ni a wani ƙauyen Hausawa na ƙasar Rufa'a aka haife ni, a can na yi aikin koyarwa har yaƙi ya tashe mu. Rufa'a tana gaɓar gabas ta kogi, tana kallon Hasahisa, bayanta kuma dajin Butana ne na Shukuriyya da gidan Abu Sin. Duk Sudan ta san garin da abu ɗaya: a nan Babikir Badri, tsohon mayaƙin Mahadi, ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907 da yara 17, tara daga ciki 'ya'yansa ne. Mu kuwa muna gefe. Mazanmu na haye kogi a bantun, wato jirgin fito, su yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira, waɗanda suka fara shan ruwa a 1925 da aka gama madatsar Sinnar. Wasu na saran rake a Junaid bayan an buɗe kamfanin sukari a 1962, wasu na kamun kifi, wasu na gasa agashe a bakin kasuwa. Abin da nake son ba da tarihinsa shi ne yadda kaki ya shigo waɗannan gidaje, da abin da ya biyo shi, da kuma hanyoyin da matanmu suka bi suna riƙe da gida alhali maigidan ya faɗa hannun maye.

Maganar kakata tana da tushe. Sojan da ta sani tun tana yarinya shi ne na bataliyoyin Sudaniyawa da ke cikin rundunar Masar, waɗanda Turawa suka ci Umdurman da su a 1898. Yawancinsu 'yan Kudu ne da 'yan duwatsun Nuba, da yawa bauta ce ta raba su da gida. Matansu na bin su bariki zuwa bariki, suna da nasu layin bukkoki a bayan na maza, su ke niƙa, su ke tuya kisira, su ne kuma ke dafa marisa, giyar dawa mai kauri wadda sojan wancan zamani yake ɗauka a matsayin abinci. Mahadi ya haramta giya da taba ya sa bulala a kansu, amma da mulkinsa ya faɗi marisa ta dawo fili. Da sojojin nan suka tsufa aka zaunar da su a unguwanni, irin Radif ta Kosti da ta Ubayyid, da Maurada da Abbasiyya a Umdurman. Ba na faɗin wannan don in ɓata su. An raba mutum da danginsa, an ba shi bindiga shekara da shekaru, ba abin da ya rage masa sai matarsa da tulunta. Abin lura dai shi ne tun daga farko gwamnati ta ɗora kula da jikin soja da ransa a kan matarsa, ita ta tsaya kan albashi da fareti.

A garuruwa kuma akwai indaya, gidan marisa mai lasisin hukuma, mace ce ke shugabantarsa, idan giya ta nuna sai a ɗaga tuta. Daga baya aka kafa kamfanin giya a Khartum Bahri, ana yin wadda mutane ke kira Abu Jamal saboda hoton raƙumin da ke jikin kwalbar. Ƙauyukanmu ba su da indaya. Shehun ƙauye da liman ba za su yarda ba, wanda aka kama kuma sai dai ya tattara ya koma birni. Ba ina cewa mu waliyyai ne ba. Samarinmu da ke kwana a kambo, sansanin 'yan ƙodago, lokacin tsinkar auduga sun ɗanɗana abin da maƙwabta ke sha, tumbak kuwa ya daɗe a bayan leɓen dattawa. Amma mashayin da ya kasa dainawa, mai mata da 'ya'ya, wanda gari ba zai iya korarsa ba saboda ɗan gida ne, wannan ba mu san shi sosai ba sai da yaranmu suka fara shiga soja.

Me ya kai su? Ƙasa da takarda. Hawasha, wato gonar da hukumar Jazira ke yanka wa manomi, ba ta cika faɗowa hannun Bahaushe ba. Mu ne masu noma ta a raba amfani, ko a biya mu ladan yini. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 kuma ta ce sai wanda zuriyarsa ke zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, ga shi mafi yawan kakanninmu bayan Burmi suka zo. Mutum an haife shi a bakin tur'a, magudanar ban ruwa, an haifi ubansa a nan, amma idan ya je neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, sai a ce ya kawo shaidu. Wanda ya samu takardar ya ga aikin soja ƙofa ce: albashi duk wata, asibiti, da kaki da ke hana a kira shi baƙo a tasha. Da yaƙin Kudu ya sake ɓarkewa a 1983 bayan boren sojoji a Bor, gwamnati ta buƙaci maza ba ta tsaya dogon binciken kakanni ba. A 1989 aka kafa Difa'i Sha'abi, rundunar sa-kai ta gwamnati, sannan aka tsananta hidimar soja ta dole, har ana tare motoci a kan titi ana sauke samari. Daga lokacin kusan babu layin da za ka bi a ƙauyenmu ba ka samu gidan da ɗansa ke Juba ko Wau ko Malakal ko Kurmuk ba.

A wannan shekarar ta 1983, cikin watan Satumba, shugaban ƙasa Numairi ya ayyana shari'a, aka zubar da kwalaben giya a kogin Nilu a Khartum ana kabbara, aka rufe indaya da mashaya. Iyayenmu sun yi murna, ni ma ba ni da ja a kan haramcin abin da Allah ya haramta. Sai dai abin da ya biyo baya na gan shi da idona. Marisa mai cika ciki ta ja baya saboda tulunta ba ya ɓoyuwa, aragi ya maye gurbinta, ruwan dabino da ake tatsa ta tururi, fari kamar ruwan sha, ƙaramin jarka ya ishi mutum ya fita hayyacinsa. Dokar laifuka ta 1991 ta tanadi bulala 40 ga Musulmin da ya sha. Tun daga nan matar mashayi ta shiga tsaka mai wuya. Da can idan ta yi magana kunya ce kawai. Yanzu kuwa maganarta na iya jawo a zane uban 'ya'yanta a bainar jama'a, idan soja ne a tsare shi ko a kore shi, albashin da suke ci ya tsaya. Dokar da aka yi don ta tsorata mashayi, matarsa ta fi shi jin tsoronta, bakinta ne ya rufu.

Ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ce ta farko a danginmu da ta auri soja, bayan kakata ta rasu. Mutumin kirki ne, ɗan malamai, ya sauke Alƙur'ani kafin ya sa kaki. Aka kai shi Kudu a ƙarshen shekarun 1980, ya yi shekaru a garin da aka yi wa ƙawanya, abinci sai ta jirgin sama. Da ya dawo hutu na farko ba wanda ya lura da komai sai ita. Ba ya barci. Ya zauna a kan angarib, gadon igiya, a tsakar gida har asuba, idan jaki ya motsa a turke sai ya zabura. Hutu na biyu ya zo da jarka a cikin jakarsa ya ce maganin sanyi ne. Da aka sallame shi daga aiki gaba ɗaya, jarkar ta zama ta kullum.

Abin da Inna ta fara yi shi ne abin da kowace mace a lokacin za ta yi: rufin asiri. Idan ya makara sallar asuba ta ce zazzaɓi. Idan ya faɗi a hanya ta aika ɗanta babba da amalanke bayan isha, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Ta kan tauna kanumfari ta ba shi ya tauna kafin baƙi su shigo. Kuɗin sallamarsa ya narke cikin 'yan watanni, ta koma dama godogodo tana aika yara da shi tasha, da rani kuma ta bi mata tsinkar auduga. Na taɓa tambayarta, ina budurwa, na ce, "Inna, me ya hana ki gaya wa Kawu?" Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, in na faɗa wa zai auri ƙannenki?" Wannan amsar ta zauna mini a rai. Ba mijin kaɗai take karewa ba. Tana kare auren 'ya'yanta mata, da sunan gidan surukanta, da sunan Hausawa a idon maƙwabta waɗanda dama suna neman abin faɗa a kanmu. Mace ɗaya aka ɗora wa mutuncin al'umma, kuma ba wanda ya tambaye ta ko ta ci abinci.

Asiri ya tonu ranar da ya ɗaga mata hannu a gaban yara. Ta yi yaji, kuma a nan ne tsohuwar al'adarmu ta nuna amfaninta. Da yake kakanninmu sun zo ba dangi, tun farko mai masauki da shehun ƙauye su ne suke tsayawa a matsayin iyaye: su ɗaura aure, su raba gardama, su karɓi matar da ba ta da gidan uba kusa. Larabawan yankin suna da ajawid, dattawan sulhu, mu ma muka haɗa namu da nasu. Aka zauna a zauren shehu, da liman, da wan mijin, da kawunmu. Ba a yarda da biko ba sai da sharaɗi. Ɗan abin da yake karɓa na fansho wansa zai karɓo ya miƙa wa Inna a hannu, kuma duk daren da ya sha, a zauren wansa zai kwana ba a ɗakinta ba. Liman ya tunatar da masu zaginsa labarin sahabin nan da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana. Na daɗe ina tunanin wannan zama. Ba su da digiri, amma sun gane cewa ba a barin kuɗin abinci a hannun mashayi, ba a barin mace ita kaɗai da shi cikin dare, kuma zagi ba ya warkar da kowa. Laifinsu ɗaya, sun jira sai da aka yi duka.

Sharaɗi bai raba shi da jarka ba, sai aka ce a kai shi masid. Wanda bai san Jazira ba ba zai gane girman wannan kalma a wurinmu ba. Masid gidan shehun ɗarika ne: masallaci, makarantar allo, tukunyar da ba ta sauka daga wuta, da ɗakunan baƙi da marasa lafiya. Ƙasarmu cike take da su. Ga Abu Haraz ta Arakiyyawa a kudu da mu a gaɓar gabas, da ƙubbobinta tun zamanin sarautar Funj, ga Ɗayba ta Shehu Abdulbaƙi, ga Shikainiba ta gidan Mukashfi wajen Manakil, ga kuma Umm Dawwan Ban da Shehu Ubaid Wad Badur ya kafa tun ƙarni na 19, wadda ta yi suna wajen masu taɓin hankali. Bahaushe ba baƙo ba ne a waɗannan wurare, almajiranmu sun cika su, kuma maganin da ake bayarwa mun san shi daga gida: mihaya, wato rubutun sha, da bakhra, takarda mai ayoyi da ake turarawa, da tofi safe da yamma. Ana hana majinyaci nama da maiƙo, ana sa shi sallar jam'i da zikiri, idan ya samu sauƙi a ba shi aikin ɗiban ruwa ko share fili.

Masid ba ya karɓar majinyaci shi kaɗai, sai da mai jinya daga danginsa. A ƙa'ida ɗan'uwa namiji ne. A aikace, bayan mako biyu 'yan'uwa maza sun koma gona, matar ce ke zama. Inna ta yi watanni a wani masid da ba zan ambaci sunansa ba, tana kwana a rumfar mata, tana wanke masa tufafi, ta bar yara wajen mahaifiyata. Ta ce a kwana na uku jikinsa ya kama rawa, yana ganin abubuwa na bin bango, yana kiran sunayen abokansa da suka mutu, sai aka sa masa mari a ƙafa. Mutanen wurin suka ce aljanin ne ke fita. Yau na san abin da likitoci ke cewa: wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa idan aka yanke masa ita farat ɗaya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya farfaɗiya da ruɗewa, yana iya mutuwa, kuma akwai maganin da ke sauƙaƙa wannan mataki. Allah ya yi da sauran kwanansa. Ban yarda da mari ba, ko a masid ɗin Jazira ko a gidajen da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019. Amma ba zan yi ƙarya in ce masid bai amfane shi ba. Ya raba shi da masu sayar masa, ya ba shi sahu da zai tsaya a ciki sau biyar a rana, ya haɗa shi da wasu tsofaffin sojoji da suka ga abin da ya gani. Ita ma Inna a rumfar nan ta fara faɗin damuwarta da baki, ga matan da ba su san danginta ba. Ya dawo ya yi shekaru bai sha ba, ya koma, ya sake dainawa. Haka suka yi ta yi har ciwon hanta ya ɗauke shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne Sudan na cikin waɗanda suka fara gano yadda za a haɗa shehu da likita. Dokta Tijani al-Mahi, ɗan garin Kawa da aka haifa a 1911, wanda ake kira uban likitancin ƙwaƙwalwa a Afirka, ya buɗe asibitinsa a Khartum Bahri bayan ya dawo daga Landan a 1949. Bai raina shehunai ba. Ya riƙa zuwa wurinsu yana zama a kan tabarmarsu, suna turo masa wanda ya fi ƙarfinsu. Magajinsa Dokta Taha Ba'ashar ya ci gaba da wannan hulɗa da Umm Dawwan Ban. A daidai wannan zamani Dokta Lambo yake gwada irin haka a Aro ta Abeokuta, inda majinyaci ke zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa. Tijani ya rasu a 1970, aka sa wa babban asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman sunansa, amma hikimarsa ba ta gangaro ƙauyukan gaɓar gabas ba. Matar soja a ƙasar Rufa'a, idan tana son likitan ƙwaƙwalwa, sai Madani ko Khartum, da kuɗin mota na mutum uku, da fargabar a rubuta sunan mijinta a takardar hukuma.

Mata kuwa sun yi wa kansu tanadi a ɓoye. Sanduk, wanda a ƙasar Hausa ake ce wa adashi, shi ne ya riƙe gidaje da yawa, kuma uwar adashi ta san wadda za a ba kwasar farko ba tare da an faɗi dalili ba. Ta san kuma wadda ba za a miƙa wa kuɗi a gida ba, sai dai a saya mata buhun dawa a ajiye a ɗakin maƙwabciya. Wasu sun bi gidajen zar, wanda a Sudan ake haɗa sunansa da bori, Sinnar ma ta yi suna a kansa kafin gwamnati ta matsa masa a shekarun 1990. Malamanmu sun yi ta wa'azi a kai, kuma ni ban taɓa zuwa ba. Amma na fahimci abin da ke kai mace can: wuri ne da za ta yi kuka da ƙarfi a kira shi ciwo, ba a kira shi rashin haƙuri ba.

Kotu ma tana nan. Tun kafin 1920 alƙalan Sudan suka ɗauki hukuncin Malikiyya da ya ba mace damar neman saki saboda cutarwa ko rashin ciyarwa, a 1969 aka daina tura 'yan sanda su mayar da mace ɗakin miji da ƙarfi, dokar iyali ta 1991 kuma ta tabbatar da saki saboda cuta. Mazhabar da kakanninmu suka taho da ita ce ta ba da wannan haƙƙi, amma a ƙauyenmu an fi karanta wa mata babin biyayya. Ba na kiran kowa ta kashe aurenta. Ina cewa matar da ta san ƙofa a buɗe take, zamanta zaɓi ne, kuma mijin da ya san haka yana jin maganar dattawa da wuri.

Zamanin jarka ya wuce, abin da ya zo ya fi shi sharri. Yaƙin Darfur daga 2003, da na Damazin da Kurmuk daga 2011, da tura dakaru Yaman daga 2015, duk sun dawo mana da samari da sababbin abubuwa a aljihu. Bango, wato wiwi, dama yana zuwa daga Radom a kudancin Darfur. Sai ƙwayoyi: tiramadol, da wadda yara ke kira kharsha, sai kuma ais, farin ƙanƙaran nan da ya sa gwamnati ta ƙaddamar da yaƙi da ƙwaya a farkon 2023. Aragi yana da wari, mace na ji tun daga ƙofa ta kwashe yara. Ƙwaya ba ta da wari. Mai shan ais yakan yi kwanaki bai runtsa ba, ya fara zargin kowa, matarsa ce ta farko, kuma sau da yawa bindigarsa na jingine a bayan ƙofa. Tiramadol kuma idan ya yi yawa yana kayar da mutum da farfaɗiya. Dabarun Inna na kanumfari da amalanke ba su da amfani a nan, rufin asiri ma yana iya zama ajalin mai rufawa.

Ana cikin haka ƙasa ta rushe a kanmu. A watan Yuli na 2022 aka far wa Hausawa a Rusairis da kewaye, a Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, dubban 'yan'uwanmu suka gudo Sinnar da Jazira muka raba ɗakuna da su. A Disamba 2023 dakarun Da'am Sari, waɗanda jaridu ke kira RSF, masu yaƙi da soja, suka shiga Madani da Rufa'a. A Oktoba 2024, bayan kwamandansu na yankin Abu Aƙila Kaikal ya koma ɓangaren soja, suka huce a kan gabashi da arewacin Jazira, Tambul da Rufa'a da Sariha da Hilaliyya, muka fita da abin da ke jikinmu muka nufi Gadarif. Soja ya karɓe Madani a ranar 11 ga Janairu 2025, a wata na gaba aka nuna wa duniya masana'antar ƙwayar kaptagon da aka gano kusa da matatar mai ta Jaili. A tsakanin nan samarin da ba su taɓa tunanin kaki ba sun shiga sansanonin sa-kai don kare garuruwansu. Ba a taɓa samun lokacin da matan masu ɗauke da makami suka yi yawa a cikinmu kamar yanzu ba, kuma ba a taɓa samun lokacin da zaure da masid da sanduk suka watse tare kamar yanzu ba. Shehun ƙauye yana wani gari, wan miji yana wani, uwar adashi ta rasu a hanya.

A makarantar da aka sauke mu a Gadarif wata tsohuwar ɗalibata ta same ni. Na koyar da ita a aji huɗu, yanzu tana da goyo da wani a hannu. Mijinta ya zo hutu daga fagen daga. Ta ja ni bayan aji ta ce, "Malama, ba ya barci, kuma ya ce ina magana da wani a waya, ni ko wayar ba ni da ita." Na tambaye ta inda bindigar take, ta ce ƙarƙashin katifa. Na ce, "'Yata, yau ba za ki kwana can ba." Muka nemo wani dattijo daga ƙauyensu da wani abokin aikin mijin da yake jin maganarsa, suka lallaɓa shi da rana, lokacin da ya sauko, ya ba da makamin ajiya, sannan aka raka shi wajen likita. Abin da zauren shehu ya yi wa Inna ne muka sake haɗawa da tarkacen mutanen da suka rage, sai dai ba mu jira duka ba, kuma mun sa likita a ciki. Har yanzu yana fama, yau sauƙi gobe komawa. Amma ita tana barci, yaranta na ci, kuma akwai mutum uku da za ta iya bugun ƙofarsu da tsakar dare.

Mutane sun fara komawa ƙasar Rufa'a, ana gyara rufi, ana share tur'a, kuma samarin za su dawo da abin da suka gani da abin da suka saba haɗiya. Ina kira ga shehunan ƙauyukanmu da limamai da su buɗe zaure tun kafin mace ta zo da kumburin fuska, su faɗa a kan mumbari cewa matar da ta kawo kukan shan mijinta ba ta tona asiri ba. Ina roƙon masu masid su cire mari, su nemi likitocin Jami'ar Jazira da na Madani su riƙa leƙo su kamar yadda Tijani al-Mahi ya yi. 'Yan'uwan miji kuma, jinya taku ce kafin ta zama tata, kada ku bar ta a rumfa ku koma gona. Ke kuma maƙwabciya da kike jin motsi ta bayan katanga kina cewa ba ruwanki, gobe da safe ki shiga ki gaishe ta, ki tambaye ta inda yaranta suka kwana.